Hattara Da 'Yan Damfarar Gidan Haya

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, garuruwanmu na arewa maso yamma suke ta samun baƙi. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, wadda ta koma hannun Gwamnatin Tarayya a 2007, tana tara ɗalibai daga jihohi da dama. A 2021 kuma aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ga masu yi wa ƙasa hidima na shekara guda, ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da akan tura Roni da Gwiwa. Dukansu ɗaki suke nema na 'yan watanni, kuma cikin gaggawa. To, gaggawar nan ita ce jarin ɗan damfara.

Bari mu duba yadda suke ɗana tarkonsu. Wani yakan sa hoton ɗaki mai kyau a Facebook ko WhatsApp da kuɗi mai araha, ya ce mutum uku na jira, a turo kafin alƙalami ta banki. Kuɗi na shiga, sai wayarsa ta mutu. Wani kuwa ɗan haya ne wanda wa'adinsa ya kusa cika. Makulli na hannunsa, sai ya nuna ɗakin kamar nasa, ya karɓi kuɗin mutum biyu ko uku, ya tattara komatsansa da dare. Akwai kuma gidan gado, inda ɗaya daga cikin magada zai ba da haya ba da sanin 'yan'uwansa ba. Ranar da rigima ta tashi, kayan baƙo ake fara fitarwa waje.

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Amma a ƙasar nan babu gidan da ba a san mai shi ba. Kowace unguwa da mai unguwarta, sama da shi ga dagaci, ga hakimi. Saboda haka kafin ka ba da ko kwabo, je ka ga ɗakin da idonka, da rana. Tambayi maƙwabta da mai shagon bakin layi: gidan wane ne wannan? Sa'an nan ka nemi mai unguwa ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Dillalin kirki ba ya gudun wannan. Wanda ya fara kame-kame da jin an ambaci mai unguwa, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Idan an daidaita, a biya mai gida hannu da hannu gaban shaidu biyu, ko a asusun da ke ɗauke da sunansa. La'adar dillali daban take, a yanke ta tun farko. A rubuta takarda, ko da a fallen littafin makaranta ne: sunan mai gida da na ɗan haya, ɗakin da aka kama, yawan kuɗi, ranar shiga da ranar fita. A faɗi wanda zai gyara rufi idan damina ta zo, da abin da za a mayar idan an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki kafin wa'adi. A nemi ganin takardar kuɗin wuta ta KEDCO, don kada ka gaji bashin wanda ya tashi. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kofi.

In kuwa tsautsayi ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa a yi shiru. Karɓar kuɗin mutum ta hanyar yaudara babban laifi ne. Dokar hana zamba ta 2006, wadda ta maye gurbin dokar soja ta 1995, ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20. A ajiye rasit da lambar asusu da saƙonnin waya, a kai ƙara wurin 'yan sanda da wuri. Shirun mutum ɗaya shi ke ba macuci damar cutar na gaba.

Mu ma 'yan gari akwai namu nauyin. Kuɗin da yaro ya zo da shi, sau da yawa akuya aka sayar ko buhun gero kafin a haɗa shi. Idan ya salwanta, karatun ma yana iya tsayawa. Idan muka ga baƙo da jaka a tasha yana tambayar ɗaki, mu nuna masa ƙofar mai unguwa, in da hali mu raka shi. Iyaye kuma, gara yaro ya kwana biyu wurin wani sananne yana bincike, da a tura kuɗin shekara ga muryar da ba a taɓa ganin mai ita ba.