Shin Wuƙar Likita Ce Ke Watsa Dajin Ƙwaƙwalwa?

A Zangon Lome, da zarar an ce za a buɗe kan mutum, sai ka ji dattawa na cewa: "Kada ku yarda, daji in ya ga wuƙa watsuwa yake." Na sha jin wannan magana a majalisa bayan la'asar, kuma na ga gidan da ta sa aka mayar da marar lafiya ƙauye, ya cika a can. Shi ya sa na bi diddiginta.

Mafi tsananin dajin ƙwaƙwalwa shi ne wanda likitoci ke kira giliyobilastoma, mai mataki na 4. Ba dunƙule yake kamar goro a cire shi ɗungurungum ba. Saiwa yake yi cikin lafiyayyen nama tun kafin a gano shi. Don haka in ya dawo bayan aiki, galibi a gefen inda aka yanke yake tsirowa, cikin tazarar santimita 2. Ba wuƙa ta kawo shi ba, dama yana nan.

Amma maganar dattawa ba ta rasa ƙamshin gaskiya. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai koguna huɗu masu ruwa, ruwan da ke zagaya ta ya gangara har laka. In ƙarin ya jingina da bangon kogon, ko aka huda bangon lokacin tiyata, ƙwayoyin cutar na iya bin ruwan su sauka nesa, kamar yadda ruwan sama ke kwashe shara daga kwata. Bincike ya nuna haɗarin ya fi yawa a irin wannan hali. Sai dai barin ƙari da yawa don tsoron kogo shi ma asara ne, domin gwargwadon abin da aka cire lafiya, gwargwadon kwanakin da ake sa rai, da yardar Allah.

Aiki kaɗai ba ya isa. Wani babban bincike na 2005 ya nuna in an haɗa gashi da ƙwayar temozolomide bayan tiyata, rabin marasa lafiya na wuce wata 14.

To, 'yan'uwa, ko a asibitin Sylvanus Olympio na Tokoin kuke, ko kun tsallaka Aflawo zuwa Korle Bu a Ankara, ku tambayi likita abu uku. Hoton MRI ya nuna ƙarin ya taɓa kogon ruwa? Nawa ake sa ran cirewa ba tare da an taɓa magana ko motsi ba? Ina za a yi gashi, kuma nawa ne? Ku haɗa kuɗin gashin tun kafin a shiga ɗakin tiyata, don makonni kaɗan ne tsakaninsu.

Mu fatake ba ma sayen kaya a cikin buhu a ɗaure. Haka ma wannan. Ciwon kai mai tsanani da amai da safe, ko farfaɗiyar da ta fara da girma, a garzaya asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.