Charles Woodson: Shekara 18 ana gudu da baya

A wasan zari-ruga irin na Amurka akwai gurbin da mai shi yakan fara gudu da baya da zarar an taɓa ƙwallo. Shi ne mai tsaron baya. Kowace ƙungiya tana da mutum 11 a fili, kuma masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Hanya mafi sauri ta cin fili ita ce madugun harin, wato kwatabak, ya wurga ƙwallo can gaba wani ya cafke. Aikin mai tsaron baya shi ne ya hana wannan cafkar.

A ganina babu gurbin da ya kai shi rashin gata. Mai kai harin da yake gadi ya san inda zai nufa da inda zai karya kwana, shi kuwa sai dai hasashe. Yana ja da baya a sunkuye, idonsa a kan kugun abokin karawa, don kai da kafaɗa suna yaudara amma kugu ba ya ƙarya. In ya riƙe mutum ko ya ture shi kafin ƙwallo ta iso, alƙalin wasa ya jefo ƙyalle rawaya, laifi ya hau kansa. In kuma ya ƙware sosai, sai a daina jefa ƙwallo ta ɓangarensa, 'yan kallo su manta yana filin. Kamar maigadi ne, ba a tunawa da shi sai ranar da aka yi sata.

Charles Woodson, wanda aka haifa a 1976 a garin Fremont na jihar Ohio, bai fara da wannan gurbin kaɗai ba. A makarantar sakandare ta Ross ya fi shahara a ɗaukar ƙwallo ya ruga da ita, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan jihar a 1994. A Amurka makaranta ce ke renon ɗan wasa, ba kulob ba. Yaron da ya yi fice a wasannin daren Juma'a na sakandare, jami'o'i ne ke zawarcinsa da karatu kyauta. Da yawansu sun so Woodson a sahun masu kai hari. Jami'ar Michigan ta ce ita a baya take son sa, can ya nufa a 1995.

Shekarar 1997 ce ta fito da shi duniya. A karawarsu da Michigan State ya daka tsalle a bakin layi ya fauce ƙwallo da hannu ɗaya, ya kuma dire da ƙafa a cikin fili. Da aka zo wasa da Ohio State, manyan abokan gabarsu, ya cafke ƙwallo a matsayin mai kai hari, ya fauce wata a cikin gidansu ana dab da ci, sannan ya karɓi wadda aka bugo da ƙafa ya ruga yadi 78 ya ci. A ƙarshen kakar aka ba shi kyautar Heisman, wadda ake bai wa gwarzon wasan jami'o'i tun 1935. Shi ne ɗan tsaro na farko da ya taɓa samun ta, kuma wanda ya kayar ba ƙaramin mutum ba ne: Peyton Manning, kwatabak ɗin jami'ar Tennessee. Har yau mutanen Tennessee ba su huce ba.

Daga jami'a sai zaɓen 'yan wasa na gasar NFL, inda ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye a kakar da ta gabata ke fara ɗauka. Ƙofar kuwa ƙarama ce. Cikin 'yan wasan jami'a ɗari, ko biyu ba sa shiga, waɗanda suka shiga ma yawanci shekara uku zuwa huɗu suke yi kafin rauni ko sabon jini ya fitar da su. A 1998 Manning aka fara ɗauka, Oakland Raiders ta ɗauki Woodson na huɗu, ya kuma zama gwarzon sababbin 'yan tsaro a shekarar.

A Janairun 2002, cikin dusar ƙanƙara, ya afka wa kwatabak ɗin New England, Tom Brady, tsohon abokin wasansa a Michigan, ƙwallo ta suɓuce, Raiders suka danne ta. Alƙalai suka duba bidiyo suka ce ai jifa Brady ya yi niyya, aka mayar wa New England ƙwallo, ta ci wasan. An soke dokar da aka yi wannan hukunci da ita a 2013, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Bayan nan rauni ya yi ta bin Woodson, kafaɗa, sannan karayar ƙafa a 2005. Da kwantiraginsa ya ƙare a 2006 masu neman sa ba su da yawa, ya tafi Green Bay Packers ba don ransa ya so ba.

A nan ne labarinsa ya bambanta da na sauran. Jarin mai tsaron baya na gefen fili irinsa gudu ne, gudu kuwa yana fara raguwa da an doshi shekara 30. Woodson ya mayar da nauyin daga ƙafa zuwa kai. Ya zama mai karanta tsayuwar abokan karawa kafin a taɓa ƙwallo, ya bar wa mai jifa 'yar kafa kamar ya yi sakaci, sai ƙwallo ta bar hannu ya yanko ta gabanta. Shekara takwas a Oakland ƙwallo 17 ya fauce. Shekara bakwai a Green Bay ya fauce 38. Ya zama gwarzon ɗan tsaron gasar a 2009 yana da shekara 33. A Fabrairun 2011 Packers ta doke Pittsburgh da ci 31 da 25 a wasan ƙarshe na Super Bowl, shi kuwa ƙashin wuyansa ya karye kafin a tafi hutun rabin lokaci, ya ƙarasa kallo daga gefen fili hannu a rataye.

Da ƙafa ta ƙara nauyi sai ya koma tsaron can ƙarshen fili, inda hangen nesa ya fi tsere amfani. A wannan gurbin ya koma Oakland a 2013. A Oktoban 2015, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 39, ya fauce ƙwallon Manning har sau biyu a wasa ɗaya, abin da bai taɓa samu ba tun shigarsu gasar tare. Ya ajiye wasa a ƙarshen kakar da ƙwallo 65 da ya fauce cikin shekara 18. A 2021 aka shigar da shi da Manning rana ɗaya cikin zauren gwarazan wasan da ke Canton, a jiharsa ta Ohio.