Tarin Fuka a Ramukan Zinariyar Afirka ta Kudu

Tun da aka gano zinariya a Witwatersrand a shekarar 1886, tarin fuka bai gushe ba yana addabar mahaƙa a Afirka ta Kudu, kuma musabbabinsa ba ɓoyayye ba ne. Ƙurar dutsen da ma'aikaci ke shaƙa cikin rami shekara da shekaru takan bar tabo a huhunsa, sa'an nan cunkoson ɗakunan kwana da cutar ƙanjamau su taru a kansa, har ƙwayar cutar ta sami mazauni.

Babbar musibar ita ce da yawa daga cikin mahaƙan 'yan ci-rani ne daga Lesotho da Mozambik, waɗanda idan aka sallame su suka koma gida, maganin wata shida yakan yanke, alhali yankewarsa na haifar da nau'in da ba ya jin magani, iyalansu kuma su kamu.

Saboda haka shugabannin ƙungiyar raya ƙasashen kudancin Afirka (SADC) suka rattaba hannu kan wata sanarwa a Maputo a 2012, domin haɗa kai wajen gwaji da bibiyar majinyata har ƙetaren iyaka. A 2019 kotu ta amince da diyyar rand biliyan 5 daga kamfanonin zinariya shida, wadda haƙƙi ce ta ma'aikatan da magadansu, ko da yake biyanta na tafiyar hawainiya.