Kishiyoyi biyu, zaure ɗaya

Duk wanda ya tashi a gidan mata biyu ya riga ya san rabin karatun haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Kowacce da ɗakinta, wato kasonta na faifan ajiya, amma zauren ɗaya ne. A tsoffin kwamfutoci ɗan tsukukun wuri ne, bayit 512 na farkon faifai, ana ce masa MBR. A na yanzu masu UEFI an yanka masa fili nasa na kansa. Da ka kunna kwamfuta, nan ake tare ka da tambaya: yau ɗakin wa za ka?

Mai tambayar shi ne GRUB, yaron da amarya Linux ta taho da shi. Windows kuwa uwargida ce, irin wadda har yau ba ta yarda an yi mata kishiya ba. Shi ya sa ake fara sa ta, sannan amarya ta tare. In ka juya, uwargida za ta kame zauren, ta wuce da kai ɗakinta ko sallama babu. Kada hankalinka ya tashi, kayan amarya na nan yadda ka bar su, hanya ce kawai aka toshe.

Shi ma yaron yana da nasa halin. Tun fitowar GRUB 2.06 a 2021 ya daina leƙa ɗakin uwargida sai an aike shi. Aiken kuwa shi ne ka buɗe /etc/default/grub, ka rubuta GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, sannan a Ubuntu da danginta ka ba da umarnin update-grub. A wannan fayil ɗin ake rabon kwana: wurin wa za a kai ka in ka yi shiru, da daƙiƙa nawa za a jira ka.

Rigimar da ta fi ba ni dariya ita ce ta agogo. Guda ɗaya ne a gidan, amma amarya tana saita shi da lokacin Greenwich, uwargida kuma tana ɗaukar sa a lokacin gari. Mutumin Kano ko Damagaram ya fito daga Linux ya shiga Windows, sai ya tarar agogo ya koma baya da awa guda. Yana ganin da sauran lokaci, ashe har an idar da la'asar. A nan ma amarya ake ba haƙuri: a rubuta mata timedatectl set-local-rtc 1, ta koma bin agogon uwargida.