Shaidun da Ido Ba Ya Gani

Ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a kan busasshiyar ƙasa, wasu ƙananan halittu ne ke fitar da shi, bakteriyar da masana ke kira Streptomyces. A jikin danginsu aka samo maganin tarin fuka na farko a Amurka a 1943. Su kuma ɗigo ne cikin taron da ke ƙarƙashin ƙafarmu, domin giram guda na ƙasar noma mai kyau kan ɗauki bakteriya kusan biliyan, iri dubbai.

Manomi ya san aikinsu ko da bai san sunansu ba. In ya tuge wake ko gyaɗa, zai ga ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwar. A ciki bakteriya ke zuƙo naitirojin daga iska su mai da shi taki, shi ya sa dawa ke yin kyau a inda aka yi wake bara.

Abin da ya sa masu binciken muhalli ke bibiyarsu shi ne saurin da suke jin canji. Idan dagwalon majemu mai ɗauke da kuromiyam ya malala cikin kogi, kamar yadda aka daɗe ana kokawa a Challawa, raunanan ƙwayoyi kan mutu, masu taurin rai su mamaye wurin. Raguwar iri-irinsu alama ce ta gurɓata tun kafin amfanin gona ya nuna. A ruwan sha kuwa, bakteriyar E. coli ake nema, domin gidanta hanji ne: ganinta a rijiya na nufin bayan gida ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a samu ko ɗaya a mililita 100.

Kano ta ga amfanin wannan dabara ta gwada ruwa da idonta a yaƙi da shan inna. Cikin yara kusan 200 da suka kamu da ƙwayar shan inna, ɗaya ne ke shanyewa, sauran suna yaɗa ta ba a sani ba. A 2011 aka fara ɗibar ruwan manyan kwatocin birnin ana gwadawa, sai ƙwayar ta riƙa bayyana tun ba a kai yaro asibiti ba, masu allurar rigakafi su nufi unguwannin da ruwan ya fito. An ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali a watan Agustan 2020, amma har yanzu ma'aikata na zuwa bakin kwata da guga.