Ruwan Damagaram na jiran injiniyoyi mata

Duk wanda ya san Damagaram ya san wahalar ruwanta. Birnin yana zaune bisa duwatsu masu tauri waɗanda ba su riƙe ruwa da yawa a ƙarƙashinsu, kuma ƙarancin ruwan nan na cikin dalilan da suka sa Nasara suka maida babban birnin ƙasa Yamai a shekara ta 1926. Ruwan da ke fitowa a pampunan Birni da Zango daga nesa ake turo shi: daga Gogo da Macaya ta kudu, daga Arunguza da Ganaram ta arewa. Idan bazara ta yi, pampo ya ɗauke, ƴan garuwa suka ƙara kuɗi, mata da ƴan mata ne ke yin sammako suna bin layi.

Neman inda ruwa yake kwance a cikin ƙasa, da shimfiɗa bututu, da lissafin ƙarfin injin da zai tura shi, duk aikin injiniya ne. Amma waɗanda suka fi kowa sanin nauyin tulu a ka, su ne ba a cika gani ba a wannan aiki.

Ba rashin basira ne ya kawo haka ba. Fadji Maina haifaffiyar Damagaram ce. Ta ci jarrabawar bak tana da shekara 16, ta tafi birnin Fes na ƙasar Maroko ta karanta ilmin injiniya na ƙasa da duwatsu, sa'an nan ta wuce Strasbourg a Faransa, inda ta samu digirin dokta kan ilmin ruwa a 2016. A 2020 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, watau NASA, ta ɗauke ta aiki, ta zama ta farko daga Nijar da ta shiga wurin a matsayin masaniyar kimiyya. Ita da kanta ta bayyana cewa wahalar ruwan garinsu ce ta ja ta zuwa wannan ilmi.

Makarantun kuwa akwai su. A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu. A Wagadugu ta ƙasar Burkina akwai 2iE, wadda ke koyar da aikin ruwa da makamashi. Damagaram kanta tana da jami'a tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou. Hukumar ANAB ce ke kula da kuɗin tallafin karatu, wanda ƴan makaranta ke kira burs, na gwamnati da wanda ƙasashe abokai kamar Maroko da Aljeriya ke bayarwa.

Wadda ta gama ma tana bukatar mai riƙe mata hannu. Ba a zama injiniya da takarda kaɗai, sai an yi koyon aiki a filin aiki. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut, mai iya tace ganga 20.000 a rana, da kamfanonin ruwa da na lantarki, su ne wuraren da ya kamata su keɓe wa ɗalibai mata gurabe, da masauki wanda uwaye za su yarda da shi. Uba ba ya barin ɗiyarsa ta kwana a daji sai ya san inda za ta sauka, kuma yana da gaskiya.

Sai dai babbar matsalar tana can baya. Burs ɗin jami'a sai bayan bak ake ba da shi, alhali ƴan mata da yawa sun bar benci tun kafin brebe. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan ƙasar nan masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su cika 18. Yarinyar ƙauye da ta samu shiga kwaleji sai ta koma gari ta zauna gidan mariƙi, inda daka da ɗiban ruwa ke cinye lokacin bitar lissafi. Shekara ɗaya ko biyu, uwaye su ga ba riba, su maido ta gida. Irin wannan yarinya ba ta ko kai ga ƙofar ANAB ba, balle a ce an hana ta.

Saboda haka ne gwamnati ta fitar da doka a watan Disamba na 1917 da ɗari, watau 2017, don kare ƴa mace da tallafa mata har ta ci gaba da karatu, aka kuma buɗe gidan kwanan ɗalibai mata a Kelle, cikin gundumar Gure, a 2021. Tallafin da zai haifar da injiniya mace daga nan yake farawa: abinci, da fitila, da littafin lissafi, da malamin da zai lura da ita tun tana aji na farko na kwaleji.

Uwayen da suka yi yaƙi da jahilci suna da abin yi a nan. Takardar sakamako da faransanci ake rubuta ta, amma lambobi ba su da yare: ana ba da maki bisa 20, kuma layin lissafi da na kimiyya ba su da wuyar ganewa idan an tambayi malami sau ɗaya. Reshen kimiyya, wanda ake kira C, shi ne hanyar makarantun injiniya, kuma a ajin farko na lise ake shiga shi, watanni kaɗan bayan fitowar sakamakon brebe.