Lambar 2,147,483,647 da Danginta

A jera 2 har sau 31, a ninka su da juna, a cire 1, sai a sami 2,147,483,647. Masana lissafi ba sa tsayawa ga girman lamba irin wannan, asalinta suke tambaya. Da farko mara ce, ba cika ba. Sannan tana cikin lambobi gagara-raba, waɗanda babu mai raba su daidai sai 1 da su kansu. A cikin waɗannan ma tana da gida na musamman, gidan Mersenne, mai ɗauke da sunan wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17 da ya yi nazarin lambobin da ake samu ta ninka 2 a cire 1.

Wani zai ce wannan rabe-rabe laƙabi ne kawai, aikin marasa abin yi. Tarihin lambar bai goyi bayansa ba. Zama ɗan gidan Mersenne ba ya sa lamba ta gagari rabawa, domin 2,047 ma daga can ta fito, ga shi kuwa 23 sau 89 ce. Dole a gwada. Wanda bai san asalin lambarmu ba zai yi ta raba ta da kowace gagara-raba har zuwa 46,340, kusan 4,800 ke nan, da alƙalami da takarda. Masanin lissafi Leonhard Euler, wanda ya tabbatar cewa gagara-raba ce a 1772 idanunsa sun riga sun kusa rufewa, bai bi wannan hanya ba. Daga siffarta ya gane cewa duk abin da zai raba ta dole ya bar ragowar 1 ko 63 in an raba shi da 248. Gagara-raba masu wannan hali ba su kai ɗari ba, kuma babu wadda ta raba ta. Sanin dangi ne ya mai da aikin da ya fi ƙarfin mutum ya zama na mutum guda.

Masu cewa ba ta da amfani a rayuwa sai su dubi kwamfuta. Ita ce iyakar ƙidaya a tsarin bit 32 da manhajoji da yawa suka ginu a kai. Agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairu 1970 zai cike ta ranar 19 ga Janairu 2038, kuma na'urar da ba a gyara ba za ta iya ɗauka ta koma 1901. Gaskiya ne wannan matsala daga ninkin 2 ta taso, babu ruwanta da gagarar rabawa. Amma wancan halin ma bai zauna banza ba, domin saboda shi ne masana kwamfuta Park da Miller suka ɗora dabararsu ta fitar da lambobin ƙuri'a a kanta a 1988, dabarar da masu rubuta manhaja suka daɗe suna amfani da ita.